Saƙon da Ya Tsaya a Kwangwalam

Duk wanda ya taso daga Damagaram zai shiga Kano ta hanyar Matamaye, a Ɗan Barto zai yi sallama da Nijar. Nan shingen duwan yake, nan jandarma ke duba takardu, nan 'yan canji ke zaune da damman sefa da naira a gabansu. Ka ɗan taɓa gaba kaɗan, ka faɗa Kwangwalam, ƙasar Daura. Mu da muka tashi a wurin ba mu taɓa lissafa wannan tazara cikin tafiya ba. Raken da aka sara a kwarinmu da safe, kafin azahar ana shan sa a Daura. Turawa biyu ne suka jagoranci shata iyakar tsakanin 1906 da 1908, Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila, suka bi suna kafa alamu tun daga kogin Kwara har tafkin Chadi. Iyakar ba ta hana aure ba, ba ta hana zuwa suna ko jana'iza ba. Amma a gidanmu ta taɓa tare abu guda har shekara 14, shi ne labarin mutuwa.

Ƙanen kakata ne. Ya bar gida bayan an cire amfanin gona a 1941, yana da kamar shekara 19, da amaryar da ba ta cika wata biyar a ɗaki ba. Zamanin ya yi tsanani a wannan ɓangaren. Faransa ta faɗi hannun Jamus a watan Yuni na 1940, Gwamna Janar Boisson da ke Dakar ya tsayar da ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma a bayan gwamnatin Vichy, Najeriya kuwa tana tare da Ingila cikin yaƙin Hitila. Sai aka wayi gari Ɗan Barto da Kwangwalam suna ƙarƙashin Turawa biyu da ba sa ga maciji da juna, har zuwa Nuwamba 1942. Kumandan Faransa na neman gero don rumbunan tsimi, yana neman majiya ƙarfi don aikin dole a kan hanyoyi, ga kuma ɗibar soja ta shekara uku da ake yi da ƙuri'a. Samari da yawa, in suka ji ƙishin-ƙishin an sa sunansu, sai su bi dare su tsallaka ƙasar Ingilishi, kamar yadda ake kiran kudu a lokacin. Wasu su yi dako a Kano, wasu su yi ga-ruwa. Wasu kuma, da yunwa ta ci su, suka kai kansu ga irin kakin da suka gudar wa, sai dai na wani Bature daban.

A wurin ɗaukar kurata, akawu na tambayar abu biyu: sunanka da garinku. Al'adar sojan Ingila ta yammacin Afirka ce a haɗa su su zama sunan mutum, shi ya sa rajistarsu ta cika da wane Kano, wane Sakkwato, wane Katsina. Yaron da ya gudo daga hannun kumanda ba zai buɗe baki ya ce shi talakan Faransa ne ba, don tsoron kada a mayar da shi. Ya ce Daura. Akawu ya rubuta Daura, aka ba shi lamba. Tun daga wannan rana, a takarda, Ɗan Barto ba ta da ɗa a cikin sojan Sarkin Ingila.

Abin da ya biyo baya na ji shi ne daga bakin wani tsohon soja na ƙasar Daura da muke kira Baba Kofur, wanda yakan sauka a zaurenmu in ya zo cin kasuwa, ina yaro. Daga baya na bi littattafan yaƙin, na tarar jigon labarinsa ya zauna daram a kan abin da aka rubuta.

A 1943 aka harhaɗa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka zuba su a jiragen ruwa, suka zagaya ta ƙasan Afirka zuwa Indiya. Mafi yawansu kwarin Kaladan aka tura su. Amma birged ta 3, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 na Rejimantin Najeriya, an cire ta aka ba wani Manjo Janar mai suna Orde Wingate, mutumin da ya ƙirƙiro rundunar da ake kira Chindit. Sunan ya samo asali daga gunkin zakin da ke gadin ƙofar wuraren bauta a Bama. Wanda ya san Zariya ya san barikin Chindit, inda ake horar da kuratan sojan Najeriya har gobe. To, daga can sunan ya zo, haka ma Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Dodan da Arakan a Legas. Muna faɗin sunayen nan kullum kamar na unguwanninmu, alhali, ban da Chindit, kowanne wuri ne a Bama inda iyayenmu suka zubar da jini.

Dabarar Wingate ita ce a ɗauki dakaru ta sama a sauke su can cikin ƙungurmin daji, bayan sahun Japanawa, su datse hanyar jirgin ƙasa da ke kai wa abokan gaba abinci da makamai. Ba hanyar mota a bayansu, ba ayarin guzuri. Abincinsu, harsashinsu, maganinsu, har dawar alfadaransu, duk daga sama za a jeho da laima. Rundunar da ke rayuwa haka, ranta na hannun mai waya. In ya yi kuskuren lamba ɗaya wajen faɗin inda suke, shinkafarsu ta faɗa hannun Japanawa. In batir ya mutu, mutum ɗari huɗu su kwana da yunwa, wanda aka harba kuma ya rasa ƙaramin jirgin da zai zo ya ɗauke shi.

Tun daren farko aka ga haka. Ran 5 ga Maris 1944, a filin jirgi na Lalaghat, an jera jiragen nan marasa inji waɗanda ake ɗaura wa igiya wani jirgi ya ja, sai ga hoto daga sama ya nuna an zube gungumomin itace a ɗaya daga cikin filayen da za a sauka. Aka karkata kowa zuwa ɗayan, wanda suka sa wa suna Broadway. Filin ashe cike yake da kwazazzabai da ciyawa ta rufe. Jirage suka dinga faɗawa kan juna cikin duhu. Birgediya Michael Calvert ya sa mai waya ya buga kalmar sirrin da aka shirya don cewa a dakatar da komai. Wingate da Janar Slim, can a Indiya, suka kwana da zaton an yi wa mutanensu kwanton ɓauna. Sai da gari ya waye kalma ta biyu ta iso, mai nufin fili na hannu. Kalma biyu kacal, ta bakin wani yaro da ke durƙushe gaban akwati da abin saurare a kunne. Cikin kamar mako guda an sauke mutum wajen 9,000 da alfadarai fiye da 1,000. Wingate bai ga ƙarshen aikin ba; jirginsa ya faɗi ran 24 ga Maris.

'Yan Najeriya sun sauka daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu a wani fili da ake kira Aberdeen, da yawansu aka ba su tsaron sansanin da ya datse layin dogo kusa da Mawlu. Turawa suka sa masa White City, saboda farar laimar da ta maƙale a bishiyoyi ta ko'ina. Baba Kofur Farin Birni yake ce masa. A cikin Afrilu Japanawa suka yi ta kawo hari dare bayan dare, su fara da ruwan igwa da magariba, su biyo da ƙafa su faɗa kan wayar ƙaya.

In ya zo nan a labarinsa, Baba Kofur yakan buɗe wani ƙaramin gwangwanin taba da ya yi tsatsa, ya ciro tauraron tagulla mai ƙyalle ja a tsakiya, da shuɗi da ruwan goro a gefe, lambar da aka ba duk wanda ya yi yaƙin Bama. Ba ya bari mu taɓa sai mun goge hannu a riga. Shi aikinsa riƙon alfadarin da ke ɗaukar batir da ƙaramin injin caji. Ya ce alfadaran ba sa kuka, don likitocin dabbobi sun yi musu aiki a maƙogwaro tun a Indiya kada su tona asirin ayari. Sai ka ga dabba ta wage baki, iska kawai ke fita. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai ina yaro.

Ƙanen kakata kuwa an haɗa shi da wani Bature mai waya, yana ɗaukar masa nadin waya. A cikin sansanin an ja wayar tarho daga rami zuwa rami, kuma duk daren da igwa ta sauka sai ta tsinka wata. Dole wani ya fita ya bi ta da hannu cikin duhu, yana rarrafe, har ya taɓo inda ta katse ya ɗaura. Baba Kofur ya ce Baturen yaro ne ƙwarai, ko gemu bai fara ba, amma an ce ya riga ya sami lambar jarumta a wani fagen kafin nan. Ya koyi 'yar Hausar bariki, yana cewa «sannu da aiki» ga kowa, har ga alfadari. Sunansa bai zauna a bakinsu ba, Mai Waya kawai suke ce masa. Wani dare suka fita su biyu. Layin ya dawo, aka ji magana ta ratsa. Su ne ba su dawo ba. Da asuba aka same su kusa da juna, harsashin igwa guda ya haɗa su. Aka haƙa musu ramuka biyu a gefen tudu, wani saje da ya taɓa almajirci ya ja salla a kan namu.

Daga wannan tudu saƙo biyu suka tashi, ta akwatin waya ɗaya.

Don a ga yadda Ingila ke riƙe irin wannan yaro nata, ga wani da tarihinsa ke rubuce filla-filla, daga cikin rundunar Chindit ɗin. Kyaftin Michael Allmand an haife shi a Agusta 1923 a Landan, ya yi makarantar Ampleforth, ya fara karatun tarihi a Oxford, yaƙi ya katse shi. Yana tare da sojan Gurkha a birged ɗin Calvert lokacin da aka tura su kama garin Mogaung cikin damina. Ran 11 ga Yuni 1944 ya yi gaba shi kaɗai a wata gada, mutanensa suka bi shi. Ran 23 ga wata, ƙafafunsa sun ruɓe da zaman taɓo har da ƙyar yake takawa, ya sake tunkarar wata bindiga mai jigida, aka harbe shi, ya cika washegari. Shekararsa 20. An ba shi Victoria Cross, lambar da ba ta da sama a sojan Ingila, tare da Tul Bahadur Pun, ɗan Nepal da ya yi nasa bajintar a rana ɗaya kuma ya rayu. Yau akwai taga mai zanen gilashi don tunawa da Allmand a cocin unguwarsu ta Golders Green. Lambarsa na gidan tarihin Gurkha a Winchester. Sunansa na jikin dutsen tunawa da Chindit da aka buɗe a bakin kogin Thames a 1990. Kabarinsa na Taukkyan, arewa da Yangon, inda aka tattaro gawarwakin yaƙin tun daga 1951, ana share shi ana ba furanninsa ruwa.

Ba na jin ƙyashin ko ɗaya daga cikin wannan. Yaron ya cancanta, kuma uwar da ta haife shi ta yi kuka irin na kowace uwa. Mutanen da ke riƙe ranar haihuwar mamacinsu da wasiƙarsa ta ƙarshe har shekara 80, suna koya wa jikoki, sun yi abin a yaba musu. Ba kuma zan ce an shafe namu gaba ɗaya ba. A Taukkyan ɗin akwai dogayen ginshiƙai da aka buɗe a 1958, ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma 'yan Afirka ta Yamma na ciki da yawa. A wannan yaƙin an fi kyautatawa bisa ga na farko, wanda hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta amsa da bakinta a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, akasari 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunansu ko'ina ba, har ministan tsaron Birtaniya na lokacin Ben Wallace ya nemi gafara a majalisa. Amma duba abin da ke gaban sunan Bature a rajistar: shekarunsa, sunan uwa da uba, unguwarsu, wani lokaci da 'yan kalmomin da iyalinsa suka zaɓa a sassaƙa. Gaban na namu, galibi lamba ce da bataliya da kwanan wata. Jawabin da ke saman ginin an rubuta shi da Ingilishi da Bamanci da harsunan Indiya uku. Babu Hausa, ko da boko ko da ajami, ga shi kuwa da ita aka yi wa dubban waɗannan mutane fareti. Kuma in sunan da ke jikin dutsen ma na aro ne, da garin aro, wane jika zai gane kakansa?

Mu dai dutse bai dame mu ba. Kabarinmu tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa, damina uku ta baje shi, kuma haka muka fi so. Abin da gidanmu ya rasa shi ne tabbas. Mutuwa a wurinmu tana da aiki a bayanta: a yi zaman makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, mace ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, a raba gado, a biya bashi, a riƙa cewa Allah ya jiƙan wane in an ambace shi. Duk wannan ba ya motsi sai labari ya zo. Saƙon Bature ya bi waya zuwa Indiya, ya bi zuwa Landan, cikin 'yan kwanaki ɗan aike ya ƙwanƙwasa ƙofar gidansu. Na namu hanyarsa ita ce ofishin soja a Najeriya, sai Razdan na Katsina, sai Di'o, sai fadar Sarkin Daura Abdurrahman, daga nan hakimi, dagaci, mai unguwa. A kowane mataki za a tambaya, wa ya san wane Daura? A Daura kuwa masu wannan suna sun fi a ƙirga, kuma babu gidan da ya rasa irin wannan ɗa. Takarda ba ta da izinin tsallaka Kwangwalam, ba ta ma san akwai dalilin tsallakawa ba. Tafiyar da yaro mai tallan rake ke yi kafin rana ta yi zafi, ita ta gagari saƙon da ya ratso teku biyu.

Kakata takan ce shekarun nan sun fi mutuwar ciwo. In aka ji ayarin tsofaffin soja sun sauka a Kano, kamar yadda aka yi ta yi a 1946, sai mahaifinsu ya ɗaura wa jaki shimfiɗa ya tafi Daura ya zauna bakin tasha. Aka ce Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har Indiya da Bama ya gano sojoji a 1944. Tsohon ya yi ta neman wanda zai kai shi ga wani daga cikin 'yan rakiyar, ko ya ga yaro mai tsage kaza. Malamai suka buga ƙasa, wani ya ce yana raye a bayan wani babban ruwa, ya yi aure. Uwar ba ta yarda an taɓa ɗakinsa ba, kowace shekara sai an yi masa sabon baibaya. Amaryar ce abin tausayi. Ba ta zama bazawara ba, ba ta zama matar aure ba. Fiƙihunmu na Malikiyya ya san wannan matsala, Risala ta yi bayaninta: matar wanda ya ɓace ta kai ƙara, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi idda irin ta mutuwa, dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da irinsa ba ya wuce su. Amma kai ƙarar na nufin a faɗa a gaban hukuma cewa yaron ya gudu daga ƙuri'ar kumanda ya shiga sojan wata ƙasa. Ba wanda ya yi ƙarfin halin haka sai bayan da aka soke aikin dole a Afrilu 1946, tsoro ya ɗan sassauta. Ta yi wani auren daga baya, ta haihu, amma kakata ta ce har ta tsufa in an yi sallama da baƙuwar murya a ƙofar gida sai ta daina abin da take yi.

Na daɗe ina tunanin wa ke da alhakin wannan. Akawun ya rubuta abin da aka gaya masa. Yaron ya yi ƙarya don ya tsira. Laifin na tsarin da ya iya ƙirga harsashi ɗaya-ɗaya ya jefo shi daidai kan tudun da ake so a tsakiyar dajin Bama, amma bai ga ya kamata ya tura mutum guda da ƙafa ya bi garuruwan iyaka yana cigiyar iyayen matattu ba. Hafsoshin sun san sarai cewa a cikin sahunsu akwai Zabarmawa da Damagarawa da Gobirawan Faransa. Tun kafin yaƙin farko suke ɗibar su, suna yabon ƙarfinsu. Sun san inda za su same su in ana neman soja.

A 1958 ne, shekarar ƙuri'ar i ko a'a ta Janar de Gaulle, ana tsakiyar rigimar Sawaba, Baba Kofur ya shigo Ɗan Barto sarin rake. Ya tsaya sayen fura wurin wata mata a bakin kasuwa. Tana dama masa, shi kuma ya kafa mata ido har ta tsargu ta gyara mayafi. Tsagen fuskarta ne, da wata 'yar wushirya, da yadda take karkata kai in tana sauraro.

Ya ce, «Baiwar Allah, don Allah ki gafarce ni. Kina da ɗan'uwa da ya tafi soja?»

Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta ce, «Ina da ƙane. Shekara 17 ke nan.»

Ya faɗi sunan. Ya ce, «Amma mu ɗan Daura muka san shi.»

Ta ce, «Nan aka yanke masa cibi, bayan masallacin can. Malam, yana ina?»

Kakata ta ce bai amsa nan take ba. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya cire takalmansa, ya durƙusa kamar mai gaida sarki, ya ce, «Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na zuba masa ƙasa da hannuna. An yi masa salla, fuskarsa na duban alƙibla. Ki kai ni wurin tsofaffi.»

Uban ya riga ya rasu. Uwar na nan, idonta ya tafi. Aka shimfiɗa wa baƙo tabarma a ƙofar ɗakinta, ya ba ta labarin tun daga jirgin ruwa har tudun, ta sa ya maimaita wurin sallar sau biyu. Sannan ta tambaya ko yaron ya ci abinci a ranar. Ya ce ya ci, tare suka ci. Ta tambayi Baturen da suka mutu tare, ko yana da uwa. Ya ce ai ba ya rasawa. Ta ce Allah ya ba ta haƙuri.

Washegari aka aika Matamaye da Kwangwalam da Daura aka gaya wa dangi, aka jiƙa gero, aka kira malamai suka sauke Alƙur'ani. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa kwana uku, har da amaryar da, da goyo a bayanta. A rana ta bakwai aka kwance baibayar ɗakin.